Lissafin Indararo

Shekara talatin ina koyar da lissafi a Tudun Jukun,
sai da na ajiye alli na iske jarrabawar a tsakar gidana.
Jarka shida kullum Hashimu ɗan garuwa ke saukewa,
ɗari biyu-biyu, in rani ya matsa ya ƙara hamsin.
Famfon bakin ƙofa ya shekara ko tari bai yi ba,
gizo-gizo ya yi masa labule.

Ran nan hadari ya taso daga wajen Galma.
Ina tsaye, kuɗin ruwa a hannuna,
ina kallon ruwa na sauka daga kwanon ɗakina,
ya bi lambatu, ya nufi Kubanni ko sallama babu.
Na ji kunya irin ta ɗalibin da amsa ke kan allo
yana ta leƙen takardar wani.

Na auna rufi da igiyar shanya:
mita goma sha biyu a tsawo, takwas a faɗi.
Ruwa ɗaya na kirki cikin Agusta
ya isa ya cika tanki mai cin jarka tamanin.
Tanki, indararo, bututu, bulo da siminti, ladan Ɗanlami mai walda,
dubu ɗari biyu da tamanin suka tashi.
Lantana ta ajiye muciya ta dube ni:
"Kuɗin fanshon ne za ka ɗura a roba?"
Na ce damina biyu su dawo.
Ta ce, "Da sama ka yi alkawari, ko da takarda?"

Ruwan farko na bari ya shiga, don zumuɗi.
Ashe tantabarun Malam Sha'aibu sun yi wata bakwai
suna rubutu a kan kwanona.
Baƙi ƙirin, da wari. Muka zubar, muka wanke.
Ɗanlami ya ƙara bututu mai marfi a ƙasa,
na fari ya wanke rufi ya tafi abinsa,
na baya shi ne baƙon da ake buɗe wa ƙofa.
Muka ɗaure raga a baki saboda sauro.
Dakali ya tsage a mako na uku,
ruwa ba shi da ƙashi amma yana da nauyi,
buhun siminti biyu da ban rubuta ba.

Daga nan sai daɗi.
Wanki, wanka, alwala, har barkonon Lantana a bayan ɗaki.
Sabulu na kumfa kamar an roƙe shi.
Na sha kuwa, sai an tafasa, a nan ban yi gardama ba.
Da dare in kwano ya fara kiɗa
nakan kwanta ina ƙirga jarka har barci ya ɗauke ni.

Oktoba ta zo, sama ta rufe shago.
Takarda ta ce kwana goma sha uku tanki zai kai mu.
Lantana ta kai shi sha tara,
da ruwan ɗauraya take share tsakar gida.
Na ƙwanƙwasa robar ranar ta ashirin, ta amsa kamar ganga.

Na fita neman Hashimu.
Ya tsai da kura, ya goge goshi, ya yi murmushi:
"Malam, an gama da sama, an dawo ƙasa?"
Wata biyar bai ga sisina ba,
kuma 'ya'yansa huɗu ba sa cikin jadawalina.
Ban san gidan da zan sa wannan lambar ba.

Yanzu ina zana rami mai siminti a ƙarƙashin tsakar gida,
wanda zai haɗiye Agusta ya ajiye wa Maris.
Na kai rabin lissafin jiya.
Yau da safe littafin ya ɓace,
Lantana kuwa ta ce ba ta gan shi ba.